Wendell Ortega, Mai Riƙe Tutar MacTorran

A ranar Talata, 14 ga watan Mayu, Allah ya karɓi ran Wendell Ortega a gidansa da ke Asheville, bayan doguwar jinya. Da rasuwarsa dangin MacTorran na North Carolina sun yi rashin babban ɗan Sikotland, wanda ya ƙaunaci ƙasar kakanninmu ƙauna irin wadda sai wanda bai taɓa taka ta ba yake iyawa.

Wendell, ni Hollis MacTorran, tela mai rumfar yadi a taron dangogi na kan dutse, ni na fara ganinka. Ka zo rumfata ka ce mahaifinka mutumin Meziko ne, mahaifiyarka baƙar fata ce daga Georgia, amma kakar kakarka ta taɓa auren wani MacTorran. Ban tambaye ka ko auren ya daɗe ba. Ɗan kasuwa ba ya yi wa ciniki bincike. Na ɗinka maka kilt, zanenmu na maza, da yadin danginmu mai gida-gida kore da ja. Ka fito da shi ninkin yana gaba, na ja ka bayan rumfa na juya maka kafin mata su gani. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau, don a san yadda kake da saurin koyo.

Saurin kuwa har ya wuce misali. Ka haddace sunayen yaƙe-yaƙen da kakannina suka mutu a ciki, kana faɗa kana hawaye, mu masu gawarwakin muna kallonka. Tumbin tunkiyar nan da ake cusawa, wanda mu 'yan asali muke taɓawa don kunya, kai har ƙari kake nema. Da tsohon mai riƙe tuta ya gaji, sai ya tsallake ni, mai sunan dangin a jikin lasisin tuƙi, ya miƙa maka. Shekaru kana gaba, masu busa algaitar salka na binka, ni ina rumfa ina auna ƙugun mutane.

Alherinka ba ya musuntuwa. Ranar da iska ta ɗauke rumfata, kai ka bi yadina cikin taɓo kana tsincewa. Da matata ta rasu, kai ka tsaya da tuta a bakin kabarinta cikin ruwan sama. Na gode, ko da yake a ranar ma kai aka fi kallo.

Al'adarmu ce mai tuta ya bar wa magajinsa kilt ɗinsa. To, a watan Janairu ka shigo shagona da naka a hannu. Kowa ya san mai kilt durƙusawa yake yi a auna shi daga cibiya zuwa ƙasa, sai na ce ka durƙusa.

Ka ce, "Ɗan'uwa, in na durƙusa wa zai ɗaga ni? Rage tsawon taƙi guda, ka matse ƙugun sosai."

Na ce, "Ciwo yana cin ƙugu, Wendell, amma ban taɓa jin ya ci ƙafa ba."

Ka yi dariya har da tari, ka ce, "Kai dai ɗinka, mai shi gajere ne."

Duk danginmu wa ya kai ni gajarta? Na yi masa ɗinkin da ban taɓa yi wa kowa ba. Ƙugun ne kawai ya ƙi tumbina, na ɗauka hannunka-mai-sanda ne. Na bar gasasshen nama, na bar burodin masara, kullum ina zagaya unguwa kamar mai neman ɓataccen kare.

Ranar jana'izarka na shiga coci wandona yana zamewa. Can gaba na hango ɗinkina a jikin Tuan, mijin 'yarka, wanda iyayensa suka zo daga Biyetnam, tuta a hannunsa. Ya zauna masa cif, ninkin kuma yana baya. Uwargidanka Odessa ta kama hannuna ta ce, "Hollis, dubi yadda baƙin ciki ya ramar da kai. Marigayin ya ce ba wanda zai amince wa da ɗinkin nan sai kai." Tuan ma ya matso ya ce, "Kawu, in taron dangogi na Yuli ya zo za ka koya mini yadda ake kiran sunan dangi a fili?"

Na ce zan koya masa.

Allah ya jiƙanka, Wendell, ya yafe kurakuranka, ya haɗa ka da kakanninka duka, kowanne ɓangare. Allah ya ba Odessa da 'ya'ya da jikoki haƙurin wannan rashi, ya ƙarfafa hannun Tuan, don tutar tana da nauyi, haka dai nake ji ana faɗa.

Ku kuma dattawan dangi, kaka ɗaya ta ishi Wendell, Tuan bai nemi ko ɗaya ba. Ni nawa kuke so in kawo?