Kwamfutar da Ke Warkewa a Sabon Gari

Duk ɗalibin da ya rubuta kundin kammala digiri a Samaru a farkon shekarun dubu biyu, da wuya a ce bai taɓa zama a bencin Maman Nelson ba. Sunanta na baftisma Scholastica, amma in ka cire Fadan cocinsu da ma'aikatan fansho, ba mai wahalar da harshensa da shi. 'Yar Zonkwa ce. Ta zo Zariya tana budurwa, ta koyi buga tafireta a Sabon Gari, ta shekara ashirin da shida a wani ofis cikin jami'a tana buga takardun malamai. A nan ta auri Malam Toma, malamin firamare mai gona a Bomo, mutumin da in ya yi magana biyar a yini, to ranar ya yi surutu. Ita kuwa ta ɗauke masa wannan nauyin gaba ɗaya.

Da ta yi ritaya sai ta mayar da ɗakin ƙofar gidansu shago. Yatsunta kamar ruwan sama a kan kwano, kuma ba bugawa kawai take ba, har da gyara. Sai ta cire tabarau ta dubi ɗalibi ta ce, "Ɗana, wannan jimlar taka ta fito ba ƙafa, da me za ta isa gaban farfesa?"

Sannu a hankali malamai suka daina karɓar aikin tafireta, bencin ya soma zama fayau. Ɗanta Nelson da ke aiki a Fatakwal ya lura, da ya zo Kirsimetin 2006 ya riƙo mata laftof ta gwanjo da 'yar firinta. Wata guda ta yi tana faɗa da linzamin kwamfutar, daga nan ta gane kan abin, ɗalibai suka dawo.

Ba a taɓa ganin gata irin wanda kwamfutar nan ta samu ba. Maman Nelson ta zauna ta saƙa mata shimfiɗa da ulu mai kauri, ja da kore, ta ɗora a kan matashin kujera mai laushi, wai kada katakon tebur ya kurje mata ciki. Ba mai taɓa ta da hannun da ya ci ƙosai.

Da bazara ta kama, sai ciwo ya taso wa kwamfutar. Da farko nawa ce. In ta kunna ta, sai ta shiga ciki ta ɗora ruwan koko, ta gaisa da maƙwabciya, ta dawo, tukuna allon ya gama buɗe ido. Daga baya abin ya ci gaba: ana tsakiyar aiki sai komai ya daskare, allon ya koma shuɗi shar da rubutu fari da lambobi marasa kan gado, kwamfutar ta mutu ta sake tashi, duk abin da aka buga ya bi ruwa.

Aikin da ke hannunta a lokacin na Fatsuma ne, malamar sakandare a Palladan, mai neman digiri na biyu da goyo a baya. Bincikenta kan ƙwarin da ke cin masara a rumbu, kuma mako biyu ya rage ta miƙa. Sau biyu babi na huɗu yana tafiya, da jadawalinsa goma sha ɗaya.

"Mama, ni dai na zuba wa sarautar Allah ido," in ji Fatsuma, tana jijjiga yaron.

"Zuba ido ba ya buga jadawali, 'yata. Wa ya san kan abin nan a garin nan?"

Malam Toma, wanda ke wasa fartanya a bakin ƙofa, ya ce, "Wataƙila ta gaji."

Fatsuma ce ta ba ta sunan Adewale, mai gyara a bayan kasuwar Sabon Gari. Haifaffen Muchia ne, ubansa mai gyaran agogo, Hausa a bakinsa kuwa sai ya faɗa maka sunansa za ka san Bayarabe ne. Maman Nelson ta naɗe kwamfutar a zani, ta hau bas, ta rungume ta har aka wuce Kwangila kamar mai kai jariri asibiti.

Adewale ya ɗora ta a kan teburinsa na gilashi, ya bincika, ya riƙe baki. "Mama, filas nawa ake soka mata a rana?"

"Duk wanda ya zo da nasa."

"To kowa ya bar miki tsaraba. Bairos ɗari biyu da wani abu."

Ya share su, ya sa wa kwamfutar manhaja mai gadi, ya koya wa Maman yadda za ta binciki kowane filas kafin ta buɗe. Awa uku kwamfutar na aiki a shagon ba ko tari. Ta koma gida da murna. Washegari da azahar, shuɗin allo ya dawo.

Zuwa na biyu ya kwashe takardunta gefe, ya wanke kwamfutar tas, ya sake ɗora komai, ya ƙara mata ƙwaƙwalwa. Yini guda ta yi a shagon tana gudu kamar barewa. Da aka kai Samaru, ko awa biyu ba ta cika ba.

A zuwa na uku Maman Nelson ba ta ko zauna ba. "Adewale, ka faɗa mini gaskiya. Tsoronka take ji, ko ni ce ta raina? A nan lafiya lau, a gidana farfaɗiya."

Ya sosa ƙeya. Abin ya soma taɓa masa mutunci, ga maƙwabtan shago sun kasa kunne. "Mama, ki koma da ita. Ranar Asabar zan zo in ga inda take kwana."

Ya zo a kan babur wajen sha ɗaya, rana ta take. Ya gaida Malam Toma, ya shiga shagon, ya tsaya cak. Ga kwamfutar can ta nutse cikin ulu da matashi kamar amarya a gado. Ya cusa hannu ƙarƙashinta, ya fizge da sauri yana yarfewa.

"Mama, wa ya saƙa wannan?"

"Ni. Ka ga aibu?"

"A'a, saƙa ta yi kyau." Ya cije leɓe don kada dariya ta kufce masa. Ya kifa kwamfutar ya nuna mata wasu 'yan tsage-tsage a cikinta. "Nan ne hancinta. Ta nan take shan iska. Kin sa mata bargo a watan Afrilu, kin toshe hancin. In zafi ya kai mata iya wuya sai ta suma, don kada ta ƙone."

Ya kwance murfin. 'Yar fankar da ke ciki ta naɗe da zarurrukan ulu, ja da kore, sun dunƙule kamar sheƙar tsuntsu, da ƙyar take juyawa. Maman Nelson ta dafe ƙirji, ta nemi benci ta zauna.

"Yesu mai ceto! Ashe ni ce mayyar."

"Da laifina ni ma," in ji Adewale. "Tun zuwan farko ya kamata in buɗe nan. A shagona a kan gilashi take, ga fankar tsaye na hura ta, shi ya sa take yi mini ladabi."

Ya tsince zaren da ɗan hantsaki, ya hure sauran. Suna cikin haka Malam Toma ya tashi, ya zaga bayan gida. Aka ji ƙarar zarto. Ya dawo da katako biyu 'yan sirara, ya jera su a tebur, ya ɗora kwamfutar a kai, iska na wucewa ta ƙasa. Ya dubi matarsa ya ce, "Na ce ta gaji."

"Ka ce, Malam. Yau dai ka ci gari."

Ba ta bar Adewale ya tafi ba sai da ya ci tuwon masara da miyar karkashi, ya kuma yi ƙari. Kwamfutar na gefe a kunne, ana ta satar kallonta, ita kuwa ko gezau.

Kwana huɗu suka yi ita da Fatsuma a kan babi na huɗu da na biyar. Duk shafin da aka gama, Maman Nelson sai ta adana shi sau biyu, ta kuma tura a filas, tana cewa wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Fatsuma ta miƙa kundinta saura kwana biyu wa'adi ya cika, ta dawo da kwanon dambun nama da labarin cewa malaminta bai sami ko waƙafi ɗaya da zai ja wa jan biro a jadawalin ba.

Kwamfutar ta ci gaba da aiki har ƙarshen 2009. Yawan bugu ya goge haruffan da ke kan madannai, A da E da N suka ɓace sarai. Ita ba ta damu ba, tun zamanin tafireta ba ta duban yatsunta. Amma ɗalibai masu son gyara sunansu da kansu suka yi ta kuka, sai ta ari jan farcen wata 'yar maƙwabta, ta zauna da tsinken tsintsiya ta rubuta musu haruffan ɗaya bayan ɗaya.