Kuɓewar Bakin Tur'a

Ban je Masar don in shiga kwata ba. Karatun shari'a ya kai ni, ina zaune a Hay el-Sabi' da 'yan uwana ɗalibai, muna cin ful, dafaffen waken Masar, safe da yamma har ya gundure mu. Neman miyar gida ne ya fara kai ni Ard al-Liwa, don an ce akwai wata tsohuwa Bahaushiyar Sudan da ke sayar da busasshiyar kuɓewa a can.

Kowa Haboba yake ce mata, wato kaka da Larabcin Sudan. Ranar da ta fara ganina ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ta yi miji, sai dai ramamme ne. Tun daga nan na zama maigida, kamar yadda kakata ke tsokanata a ƙauye. Hausarta irin ta mutanen da ce, ta sha Larabci, amma ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba.

Can ƙarshen unguwar, inda benayen jan bulo ba su gama cinye gonaki ba, wani manomi Bamisire ya bar mata 'yan kunyoyi a bakin tur'a, ƙaramar hanyar ruwan ban-ruwa da ke tahowa daga kogin Nilu. Nan take shuka kuɓewarta, gajera mai kauri. Ta ce kakarta ce ta ƙullo irin a bakin zane daga ƙasar Katsina, ranar da suka kama hanyar Makka a ƙafa. Tafiya ta tsaya a Sudan, aka yi ta shuka shi shekara bayan shekara, har ita ta taho da shi Masar. Irin kuɓewa ba ya jimre ajiya mai tsawo. Na hannunta kuma shi ke nan, babu wani a ko'ina.

A lokacin gari ya hargitse, masu kwashe shara sun rage zuwa, kowa ya mayar da tur'a juji. Leda da robobi da kainuwa suka toshe kwalbatin da ke ƙarƙashin gada, ruwa ya daina isa gonakin ƙasa, har da kunyoyin Haboba. Na koma masauki na ce wa abokaina mu yi gayya. Muka sayo manjagara da dogayen takalman roba a kasuwar Ataba, wasu samarin Sudan da 'ya'yan manomin suka shigo, aka tsayar da Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Shugabanci kuwa ba zaɓena aka yi ba, bakina ne ya jawo mini.

Tafiyar da 'yan sa-kai sai mai haƙuri, ni kuwa ba ni da shi da yawa. Wani ya zo da farar jallabiya kamar mai zuwa ɗaurin aure. Wani ya ce ma'alish, a yi haƙuri, yana da hadda. Maƙwabta su tsaya a taga suna sa mana albarka, muna juya baya su jefo wata ledar. Na sha yin fushi in ce na daina, sai Haboba ta aiko a gaya wa maigida tuwo ya nuna.

Da farko mun ji nauyin cin abincinta, ganin ita ma nema take. Ta ɓata rai sosai. Ta ce a ina aka taɓa yin gayya mai gona bai ciyar ba, ai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Muka zauna a inuwar gada muka ci asidarta, tuwon mutanen Sudan, da miyar kuɓewa, Bamisire da Basudane da Bakano hannu a kwano ɗaya. Ina son matar nan ƙwarai, kuma ta sani.

A bazara ta uku ne abin ya ƙi. Jarrabawa ta ɗauke yawancin mutanena, ni ma na yi makonni ban leƙa ba. Da na je, kuɓewa ta fara fure amma ganyenta ya langaɓe, ƙasa ta tsattsage. Wata tsohuwar katifa ce ta shige kwalbatin ta cika shi. Mu 'yan kaɗan da muka zo muka tsaya a bakin ruwan, baƙi ƙirin yana wari, ɗalibai suka shiga jayayya kan hukuncin najasa, wani kuma yana tuna mana tsargiya. Manjagara ba ta kai wurin ba, dole sai mutum ya shiga har ƙugu.

Haboba ba ta roƙi kowa ba. Ni kawai ta kalla.

"Maigida, in ruwan nan bai iso yau ba, ka sallame ni in nemi wani mijin."

Aka yi dariya, amma na ga idonta, babu wasa a ciki. Na tuɓe riga na shiga, babban ɗan manomin ya biyo ni da igiya. Muka ɗaure katifar, na sama suka ja suna ihun yalla yalla, har ta fito kamar mushen saniya. Ruwa ya ɓalle. Ta bi shi da ƙafa a gefen rafin, tana ɗingishi, har ya shiga kunyar farko. Sabulu guda na ƙarar a ranar, kuma sai da na je aka duba ni a asibiti.

Da na gama karatu zan dawo, an riga an fara auna gonar manomin don gini. Na je sallama, ta miƙo mini ƙullin tsumma, irin kuɓewarta a ciki.

"Kakata ta ce za ta mayar da shi in ta dawo daga Hajji. Ni khalas, shi ke nan, ba zan je ba. Kai ka kai shi."

Na shuka a bayan ɗakin mahaifiyata da faɗuwar damina, ya tsiro, ya yi 'ya'ya. Ranar da aka yi miyar farko na buga wa Haboba waya na gaya mata. Sai ta tambaya ko miyar ta yi yauƙi. Na ce ta yi, har tana bin hannu.

"To," in ji ta, "ya gane gida ke nan."