Jirgin yaƙin da bai taɓa shiga ruwa ba

Shekarun baya, lokacin ina karatu a Landan, na yi aikin kula da tsofaffi a gidajensu don in riƙe kaina. Aka tura ni wurin wani tsohon Bature a Edmonton, ya haura casa'in, shi kaɗai a flat ɗinsa. Wadda na gada, wata 'yar Ghana, abu ɗaya ta gaya mini: "Ɗan'uwa, tsohon nan shi na da jirgi. Kar ka taɓa."

Jirgin samfurin jirgin ruwa ne na katako, ya cinye teburin cin abinci gaba ɗaya, har sai a cinya tsohon yake cin nasa abincin. Ni da ban san abin da ya wuce kwalekwalen dam ɗin Tiga ba, na ce masa ya yi kyau. Ya ce ba a gama ba.

A hankali na ji tarihin. Mahaifinsa maƙerin jiragen ruwa ne a arewacin Ingila. Dab da yaƙin duniya na biyu aka fara ƙera wani ƙaton jirgin yaƙi, yana cikin ma'aikatan. Ya taɓa kai ɗan nasa ya ga ƙashin bayan jirgin shimfiɗe a bakin kogi. Da yaƙi ya ɓarke aka dakatar da aikin, don ƙarfe da ma'aikata sun fi amfani wurin ƙananan jiragen da ke raka na abinci. Aka yi ta sake zane, ana cewa za a ci gaba. Daga baya aka soke aikin, aka yayyanka abin da aka ƙera. Uban ya koma wani aikin, bai ƙara zancen ba. Ɗan kuwa, da ya yi ritaya, ya nemo zanen ya fara nasa na katako.

Matsalar ita ce hannunsa ya soma rawa, 'yarsa kuma ta samo masa wuri a care home, wato gidan kula da tsofaffi. Wata rana ya dube ni ya ce, "Yatsunka suna aiki?"

Na ce suna yi.

"To wanke su ka zo."

Haka na zama maƙerin jirgin yaƙi. Shi ke ba da umarni, ni ke shafa gam. Sau biyu na liƙa bindigogi suna kallon ɗakin matuƙi, ya ce da a ce ni aka ɗauka aiki lokacin yaƙi, da Jamus ta huta. Idan na tashi salla sai ya ce in yi a tsanake, jirgin ya saba jira.

Mun gama ana saura kwanaki ya tashi. Na ja baya ina jiran hawayensa, har na tanadi abin da zan faɗa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ashe mummuna ne." Ya nemi shayi.

'Yarsa ta roƙi masu gidan tsofaffin suka ajiye jirgin a falonsu. Da na kai masa ziyara, na tarar da wata tsohuwa tsaye a gabansa tana gaya wa kowa cewa yayanta ya yi aiki a cikin wannan jirgin, har ya je Malta da shi. Na buɗe baki zan gyara mata, tsohon ya taka mini ƙafa. Ya tambaye ta, "Ya ji daɗin zama a ciki?" Ta ce ƙwarai, abinci kawai yake kuka da shi.

Bai fi shekara ba ya rasu. Ban san inda jirgin yake yanzu ba, ban kuma nema ba. Abin da ya rage mini shi ne na rage saurin gyara wa mutane zance. Matata dai ta ce ba ta ga alama ba.