Ina Gajiya, Kawu Arzika?

Ku da kunka san Kawu Arzika ba sai na tuna muku ba. Duk faɗin Sakkwato shi kaɗai ne za ka ce wa "ina gajiya?" ya tsaya ya ba ka amsa ta gaskiya. Kowa "ba gajiya" yake cewa ya wuce, ko da ƙafafunsa na rawa. Shi ko sai ya aje wuƙa, ya goge hannu a warki, ya ce akwai ta, ya shiga nuna maka inda take. Yau tana gwiwar hagu, jiya a ƙugu ta kwana, ta shekaranjiya ce ta ɗan yi sauƙi. Mutanen Ƙofar Rini har hanya suke sakewa in suna sauri.

Yayan uwata ne, mahauci ɗan mahauci, kuma a zamaninsa shago ne, ɗan damben da sau biyu kacal anka taɓa kai shi ƙasa. Ni Labbo a hannunsa na koyi fawa, a hannunsa na koyi dambe, kuma ni na fi kowa saɓa masa. Shi ya sa in zan ba da labarinsa nakan fara da na dariya, don in na fara da ɗaya gefen ba na kai ƙarshe.

Shekarun da Nasara sunka zauna gari, har anka fara karɓar anini a kasuwa, wani Bature ya zo duba mayanka, da ɗan littafinsa na koyon Hausa a aljihu. Sarkin Fawa ya jera mu. Bature ya bi mu ɗaya ɗaya yana gaisuwa, kowa na "ba gajiya, ranka ya daɗe", shi kuma yana gyaɗa kai don amsar ta zo daidai da littafi. Da ya iso kan Kawu, Kawu ya ce akwai ta, ya kamo hannun Bature ya ɗora a kafaɗarsa, wai ya danna nan ya ji. Bature ya buɗe littafi, ya duba, ya rufe, ya sake tambaya a hankali ko tsohon bai ji ba ne. Tafinta sai ƙifta wa Kawu ido yake, Sarkin Fawa ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Kawu ya dubi tafinta ya ce, "Hwaɗa mashi, littahi nai bai taɓa ɗaukar cinyar bajimi ba."

Mu biyar muke koyon dambe a wurinsa, duk samari majiya ƙarfi. Da hantsi kowa zai saɓa cinyar bajimi daga mayanka, bayan Ƙofar Dundaye, ya taho da ita a guje har kasuwa, sawu uku. Shi yana zaune bakin rumfa yana jira. Kana sauke kaya zai fara gaishe ka, gaisuwa mai tsawon igiyar guga: ina kwana, ina gida, ya uwarka, ya ƙafar kakarka, ya jakin maƙwabcinku. In ka amsa duka numfashinka bai yanke ba, gobe a ƙara maka sawu. In kana haki tsakanin kalma da kalma, an rage maka ke nan, ko za ka yi kuka. Ga dukan buhun dawa, ga tsayuwa a ƙafa ɗaya har inuwa ta matsa. Kwana biyu aiki, na uku hutu.

Hutun nan shi munka tsana. Don kada wani ya saci jiki ya je horo, sai ya karɓe karanmu, igiyar nan da ake naɗe hannun bugu da ita, ya ƙulla su ya ɗaure akuyarsa. Mutumin da ko ƙashi ba ya yarwa sai ya tafasa shi sau biyu, ina zai sayi igiya? Har ba'a ake mana a kasuwa, wai akuyar Arzika ta fi yaran Arzika ɗaura kara. In mun yi ƙorafi sai ya ce ko baka, in an dawo farauta, kwance tsirkiya ake yi.

To horon zuciya fa, nan ne haukarsa take. Ran jajibirin dambe zai kira makaɗin kalangu, ya ba shi ƙafar saniya, ya zaunar da kai gaban akushin tuwo. Makaɗi zai tsaya a kunnenka yana wasa abokin karawarka, yana cewa kai gawa ne, an riga an haƙa kabarinka, uwarka ta fara karɓar gaisuwa. In ka cinye tuwon ka suɗe hannu, ka shirya. Akwai Dikko a cikinmu, zuciya gare shi kamar barkono. Loma uku ya yi ya miƙe ya shaƙe makaɗi, da ƙyar munka ɓamɓare shi. Kawu ya jawo akushin gabansa ya ce, "Zamna, Dikko. An kashe ka turmin hwari, kuma da kalangu." Ya cinye tuwon tas.

Sai kakar da nake kan ganiyata. Mutum bakwai na kai ƙasa a jere, har mata na saka sunana a waƙar daka. A nan anka ce akwai wani soja a bariki, ƙato, tsohon mahauci ne kafin ya sa kaki, ya aiko yana nemana. Anka sa ranar Juma'a bayan la'asar, a filin bayan Ƙofar Rini, saura kwana goma sha biyu. Na je na leƙo shi sau ɗaya yana ɗaukar gungumen ice, na dawo. Tsoro na ji, yau dai na faɗa. Maimakon in kai wa Kawu tsorona, shi da ya san maganinsa, sai na ɓoye shi. Ranakun hutu in zagaya bayan ganuwa, in naɗe hannu da tsumma, in yi ta dukan jikin kuka har yamma. Wuyan hannuna ya fara zogi, ya kumbura. Na nemi taguwa mai dogon hannu na sa.

Safiyar Juma'a Kawu ya tsaya a gabana.

"Labbo, ina gajiya?"

"Ba gajiya, Kawu."

Ya dubi dogon hannun taguwata. Sannan ya miƙo mini wuƙa ya ce in raba masa haƙarƙarin nan. Sara ɗaya na yi wuƙar ta suɓuce ta faɗi ƙasa.

"Ba ni ɗaure hannun ga," in ji shi. "Soja shina nan baɗi. In ma sun ɗauke shi wani za su kawo, Nasara ba su rasa soja ba. Hannun dama ko guda Allah Ya ba ka."

Wallahi da na yi shiru. A gaban mahauta, a gaban masu sayen nama, na ce masa tsufa ne ya sa shi tsoro, faɗuwar nan biyu da ya yi ba ta bar jikinsa ba, yana so ya shafa mini. Ya duƙa ya ɗauki wuƙarsa ya goge. Ni kuwa na wuce gidansa na kwance karana daga wuyan akuya, akuya ta faɗa shanyar geron maƙwabciya, abin da sai da Inna Ige matarsa ta yi kwana uku tana ba da haƙuri. Wani can ya ɗaure mini hannu, ya matse shi yadda na ce.

Damben bai kai a tauna goro ba. Turmin farko na kai bugu da duk ƙarfina, sojan ya tare da gwiwar hannu, na ji ƙas. Ko taɓa ni bai yi ba. Ni da kaina na durƙusa riƙe da hannu, kuma kun sani, wanda gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi. Kalangu ya yi tsit. Sai ga Kawu, shi da ya ce ba za shi ba, yana ratso taro. Ya saɓa ni a kafaɗa yadda muke saɓa cinya, tsoho mai furfura, ya nufi gidan maɗori. A hanya yana haki ya ce, "Wanda duk ya tambaye ni gajiya yanzu, nan za shi kwana." Ina cikin azaba sai da na yi dariya. Ita ce dariyar ƙarshe da munka yi tare.

Hannu ya warke a karkace, ga shi kuna gani, ba ya dunƙulewa. Dambe ya ƙare, wuƙa ma ta gagara, na koma wankin tumbi da fifita wutar tsire da hagu. Kunya ta hana ni zuwa gidansa, sai na mai da ita fushi, kamar shi ya karya ni. Shi ko bai taɓa ce mini "ai na faɗa maka" ba, ko sau ɗaya. Shekara tara, kowace safiya sai ya biyo ta rumfata ya ce, Labbo, ina gajiya? In ce ba gajiya, kaina a ƙasa. Ya ɗan tsaya, ya gyara hula, ya wuce. Na san abin da yake jira sarai, kalma biyu ce. Kullum in ce gobe.

Ranar da hantsi ya yi bai biyo ba, Dikko ne ya zo ya faɗa mini. Bayan sallar asuba Kawu ya kishingiɗa, shi ke nan. Da munka dawo daga kai shi, Inna Ige ta kira ni ɗaki ta miƙo mini karana, a naɗe cikin tsumma mai tsabta. Ta ce tun ranar da maɗori ya kwance shi daga hannuna Kawu ya adana shi, bai ƙara ɗaure akuya da karan kowa ba. Kasuwa ya je ya sayo igiya, ita ce ta farko a rayuwarsa.

Akwai ta, Kawu. Tana wuyan hannu, in damina ta yi sanyi har gwiwar hannu take hawa. Babbar kuwa tana nan ƙirji, tun safiyar Juma'ar nan ba ta sauka ba.

Allah Ya gafarta wa Kawu Arzika, Ya yafe mini abin da na faɗa masa. Ya haskaka kabarinsa, Ya kai shi gidan da za a tambaye shi gajiya ya ce babu, kuma ya zama gaskiya ya faɗa. Amin.