Ranar da Gitar Sallau Ta Ce Yunwa

Sallau mai gyaran rediyo ɗan Matameye ne gaba da baya. Ranar ƙaramar salla aka haife shi, a gidan maƙera, amma ya taso da hannu mai taushi, guduma ta ƙi shi, shi ma ya ƙi ta. Uban ya gaji da faɗa, ya tura shi Damagaram wajen wani mai gyaran rediyo. Da ya dawo ya kafa tebur a bakin kasuwa, ƙarƙashin dogon yaro, ya auri Baiwa 'yar garin Dungu, suka haifi Rabi, sannan Abdu. Mutum ne gajere mai sanyin magana. Ko rediyon da ya mutu murus aka kawo masa, sai ya kara kunne a jikinsa tukuna, kamar mai gaida marar lafiya.

Gita kuwa ba shi ya neme ta ba. Bayan soja sun karɓi mulki aka ce kowane gari ya kafa orkes, wato ƙungiyar makaɗa ta samari. Aka aiko wa Matameye ganguna, da ampili, na'urar ƙara sauti mai girman akwatin amarya, da wata jar gita ta lantarki. Babu wanda ya san kanta a garin. Lawwali makaɗi, wanda aka ɗora a shugabancin orkes, ya juya ta gaba da baya, ya ga waya na lilo a gindinta, ya ce, "Abu mai waya ai na Sallau ne." Shi ke nan aka yi naɗi.

Da kunne ya koya, yana bin kiɗan garaya da ya ji tun yana yaro. Ba za a ce ya zama gwani ba. In ya ɓata hanya a tsakiyar waƙa sai ya sunkuya yana murɗa maɓalli, a ga kamar laifin na'ura ne. Amma yana son gitar nan, kuma ya san cikinta fiye da maigidan da ya ƙera ta. Ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai wani ɗan abu baƙi mai tsawon yatsa, maganaɗisu ne da aka naɗe da waya siririya kamar gashi. Shi ke jin motsin tsirkiya ya kai wa ampili. Mikiro ake ce masa. Sallau kan ce shi ne kunnen gita, in ya kurmance gita ta bebance.

Aka yi shekaru haka, sai damina ta ƙi. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Mutanen arewa suka gangaro ba shanu, suka kafa bukkokin tsumma a bayan gari. Aka daina kawo wa Sallau gyara, don wanda bai ci ba ba ya sayen batir. Maza suka so tafiya cin rani tun kafin lokacinsa, sai ga shi an rufe iyakar Najeriya, sai dai a bi daji a ɓoye.

A lokacin an kawo wa garin wani Kwamanda, matashin soja mai baƙin tabarau. Ba mugu ba ne can can, amma akwai kalmar da ba ya son ji, ita ce yunwa. Ya ce a ƙasarsa babu wannan abu, abin da ke akwai jinkirin damina ne. Mutanen Matameye kuwa ba su da musu. Sai ka ji ana gaisawa a kasuwa, "Ina jinkiri?" a amsa, "Jinkiri da godiya." Har Abdu, da bai daɗe da fara magana ba, kan ja zanen uwarsa ya ce, "Inna, jinkiri nake ji."

Abin da ya riƙe gidan Sallau shi ne jar dawar agaji. Duk ranar rabo sai orkes ya yi kiɗa kafin Kwamanda ya yi jawabi, in an tashi a auna wa kowane makaɗi tasa tiyar, kwanon awo guda. Dawar tana da ɗaci, tuwonta kamar an kwaɓa jan ƙasa, amma da ita Baiwa ke ɗora tukunya, kuma saboda ita Sallau bai bi daji ya bar iyalinsa ba.

Wata rana da hantsi Lawwali ya same shi a tebur, ya zauna yana sosa ƙeya.

"Sallau, Kwamanda ya yi maganarka."

"Allah ya sa alheri."

"Ya ce yana ganin hannunka na motsi, amma bai taɓa jin ka ba. Ya tambaye ni ko dawar gwamnati har bebaye ake ba."

"Kai ne kake danne ni da ganga, Lawwali."

"To, in sassauta a daina jin ni, mu zama bebaye biyu? Rabo mai zuwa baƙi za su zo daga Damagaram. In ba a ji ka ba, ni dai na faɗa maka."

Sallau ya san gaskiya ce. Mikiron da gitar ta zo da shi ya tsufa, ƙarfinsa ya ja baya. Sabo kuwa sai Kano. Ya tuna da Iliyasu, ƙanin Baiwa, mai sayar da shayi a Kano, wanda ya san hanyoyin daji kamar tafin hannunsa kuma yana shirin komawa. Sallau ya ɗauko rediyon gidansa, wanda bai taɓa yarda ya sayar ba, ya ba shi ya musanyo da sabon mikiro. Baiwa tana kallo daga bakin murhu. Ta san rediyon nan zai iya zama buhun gero, amma ta ci gaba da hura wutarta.

Da Iliyasu ya dawo, ƙafafunsa duk faso, ya zauna a tabarma ya kwance bakin wandonsa ya fito da ɗan ƙunshi.

"Mijin yaya, ka sa an yi mini dariya a Sabon Gari. Na ce mikiro nake so, suka miƙo mini abin da ladan ke kiran salla da shi. Na ce a'a, na gita. Mai shagon ya ce au, fikof kake nufi. Na ce fikof kuma? Mutumin da ya aiko ni ko jaki ba shi da shi, ina zai kai mota?"

"Da ka ce masa yayarka ce ta cinye jakin," in ji Sallau.

"Ni ku bar ni," in ji Baiwa. Amma ta yi murmushi, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

Da la'asar Sallau ya shimfiɗa gitar a tsakar gida, ya haɗa ɗan ƙaramin ampilinsa da batirin mota, ya sa ƙarfen dalma a garwashi. Ya ce sai an yi shari'a tsakanin tsoho da sabo, kuma Baiwa ce alƙali. Tana tsintar tsakuwa a faifan dawa, ta ce ya yi ta yi, kunnenta ba ya cikin faifai.

Ya fara da tsohon. Murya siririya ta fito, tas, kamar an taɓa kwanon sha da cokali. Kowace tsirkiya da nata harshe, ana jin wucewar yatsa a kansu. Sai dai ba ta wuce zaure ba. Ya kwance sukurori, ya narka dalma, ya ɗaura sabon. Bugun farko kajin maƙwabta suka watse. Murya ce mai kauri, mai cika ƙirji, in ya saki tsirkiya sai ta yi ta jan numfashi ba ta son mutuwa. Manyan tsirkiyoyi suka yi gurnani, ƙananan kuwa suka rasa ɗan zaƙin nan nasu, duk suka dunƙule wuri ɗaya.

"Alƙali, me aka gani?"

"Tsohon hira yake yi da mutum. Wannan tsawa yake yi."

"Ai tsawar ake nema," in ji Iliyasu. "Soja ba ya jin hira."

Sallau ya ɗora tafinsa a kan tsirkiyoyi, suka yi shiru. Baiwa ta ajiye faifai ta karkata kai.

"Baban Rabi, akwai mutum a ciki."

Suka saurara. Ƙarƙashin zuzun da kowane mikiro irin wannan ke yi, can nesa, kamar daga ƙasan rijiya, wani yana magana. Sallau ya gane nan take. Sabon ya fi tsohon yawan naɗin waya, kunnensa ya fi faɗi, har yana tsintar tashar rediyo daga iska. Ya san maganinsa, a lulluɓe ramin mikiron da takardar gwangwani a sake waya mai riga. Amma ba shi da irin wayar, rabo kuma gobe ne.

"Gangar Lawwali za ta rufe shi," ya ce.

"Ka mayar da tsohon mana."

"In mayar da shi mu ci me, Baiwa?"

Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsinta.

Washegari fili ya cika tun da safe. Mata a layi da ƙore, tsofaffi zaune a ƙasa, buhuna a tsibe bayan sojoji, baƙin Damagaram a kujeru ƙarƙashin rumfa. Aka ja doguwar waya daga gita zuwa babban ampili, ta bi ta gindin ƙarfen tuta. Orkes ya tashi, kuma a ranar an ji Sallau. An ji shi har bakin kasuwa. Kwamanda ya juyo ya dube shi ya gyaɗa kai, Lawwali ya kashe masa ido. Daɗi ya ɗebe Sallau, da aka tsaya ya jingine gitar a kujera bai rufe maɓallinta ba.

Kwamanda ya miƙe, ya yi gyaran murya, fili ya yi tsit. Ya gode wa baƙi, ya ce kowa ya gani da idonsa, a nan ba abin da ya faru illa ɗan jinkirin damina. Ya dakata don a tafa. Cikin wannan ɗan shirun ne ampilin Sallau ya yi magana, da Hausa tsantsa, muryar mai karanta labarai ta wata tashar ƙetare: yunwa ta tsananta a ƙasar Damagaram, mutane suna barin garuruwansu.

Ba wanda ya tafa. Ba wanda ya yi dariya ma, ko da yake wasu sun so. Mutane suka sunkuyar da kai kamar an ambaci sunan mamaci a gidan biki. Sallau ya yi tsalle ya fizge waya, amma magana ta riga ta fita.

A ofishin jandarma Kwamanda da kansa ya tambaye shi wa ya sa shi.

"Ranka ya daɗe, ba kowa. Mikiro ne. Iska yake tsinta."

"Iska ta iya Hausa?"

"Tashar ce ta iya, ranka ya daɗe."

"Daga ina ka samo shi?"

Sallau ya yi lissafi. In ya ce Kano, sai a tambayi wanda ya ƙetare iyaka, Iliyasu kuma yana gidansa kwance yana jinyar ƙafa. Ya ce a cikin tarkacen teburinsa ya tsinta. Kwamanda ya cire tabarau ya murza idanunsa, sai Sallau ya ga ashe yaro ne, kuma a gajiye yake.

Ba a doke shi ba. An riƙe shi 'yan kwanaki yana sharar harabar ofis, sannan aka sallame shi. Gita aka kulle ta a magaza, ɗakin ajiya, tare da buhuna, aka cire sunansa daga orkes. Lawwali ya kawo masa rabin tiyarsa sau ɗaya, a ɓoye cikin riga, bai ƙara ba, kuma Sallau bai ga laifinsa ba. A kasuwa aka riƙa nuna shi da baki, ana cewa ga wanda gitarsa ta fi shi ƙarfin hali. Shi kuwa in an tsokane shi a kan wanne ya fi cikin mikiron biyu, sai ya ce sabon ya fi murya, tsohon ya fi sanin zaman duniya.

Da tukunya ta kwana biyu a kife, ya raka Baiwa da yara Dungu gidan ubanta, inda aƙalla akwai rijiya da ɗan lambu. Ta ƙulle masa ƙarfen dalmarsa da sukundireba a tsumma, ta sa masa 'yar busasshiyar kuka da gishiri.

"Baban Rabi, in ka je ka yi gyaranka kawai. Ban da kiɗa."

"Wa zai ba ni gita a Kano?"

"Ai nan ma ba ka nema ba aka ba ka."

Ya bi Iliyasu ta daji. A Kano ya samu gefen rumfar wani yana gyaran rediyo, yana aiko da abin da ya samu in an sami mai zuwa, ba kullum ake samu ba. Sai da ruwa ya sauka sosai wata damina sannan ya dawo, ya nufi Dungu. Rabi ta tarye shi a bakin gari, ta yi tsawo, ta karɓi jakarsa. Ya duba bayanta bai ga Abdu ba. Baiwa tana tsaye a ƙofar gida, ya dube ta, ta kawar da kai, ya gane yunwa ta tafi da yaron, sai ya zauna a dakalin surukinsa da takalmansa a ƙafa, aka kawo masa ruwa.