Mode, Mai Zagin Mota

Da an sallame asuba, Mode zai fito daga Rimawa da sandarsa da butarsa, ya hau duk abin da ya samu zuwa tashar Goronyo. Akwai wata tsohuwar taya a gindin dogon yaro, ita ce kujerarsa. Dillalin mota ne, amma ba haka ake kiransa ba. Mai zagin mota ake ce masa.

Asalin abin daga kasuwar jakuna ne. A Giyawa ya tashi, a hannun mahaifinsa, wanda ba ya sallama jaki sai ya zagaya shi a gaban shaidu ya faɗi aibinsa: yana cizo, yana harbi, yana kwanciya in ya ga ruwa. Da jakuna suka ragu, motoci suka yawaita, sai Mode ya kwaso al'adar ya kawo tasha. Zai tsaya a gaban mota, ya dubi fitilunta kamar idon mutum, ya ce, "Ke maƙaryaciya ta. Fenti sabo, ciki tsoho." Ya dafa nan ya faɗi ciwo, ya dafa can ya faɗi wani, jama'a na dariya, mai mota na zufa. Sannan ya juya ga mai saye: "Ka ji da kunnenka? Ka yarda?" Sai ya ce ya yarda, Mode zai ce Allah ya sa albarka. An ce akwai wata Fijo da ya zaga har odarta ta yi kuka da kanta. Ban ga wannan ba, amma na so a ce na gani.

Masu sayarwa ba sa son sa, don bakinsa na karya farashi. Shi ya sa da Junaidu direba ya rasu ya bar motarsa akori-kura, ƙanensa Lukman bai kira Mode ba. Ya samo Alhaji Bashar na Rabah, mai fataucin albasa, suka gama ciniki a ƙofar gida. Da abin da aka samu ne Larai, matar marigayin, ta fanso gonar fadamar da mijinta ya jinginar. Gonar kaɗai ce abin da ya rage wa marayunta.

Ba a yi wata ba, motar ta mutu a hanya da lodin albasa. Sai waya ta fara ƙara a gidan Larai. Alhaji ya ce ya ɗauki lauya a Sakkwato, ya ce damfara ce, ya ce ko a mayar masa da kuɗinsa ko ta kwana a bayan kantar 'yan sanda. Kuɗi kuwa sun zama ƙasa. Larai ta daina cin abinci. In wayar ta yi ƙara sai ta kifa mata ƙwarya. Har ta soma neman wanda zai sayi gonar, kafin ta aika a kira Mode.

Ya zauna a zaure, tana daga bayan ƙofa, Lukman na tsaye.

"Ɗiyata, kin san motag ga tana da ciwo?"

"Ban san ciwo ba, Baba. Na dai san in marigayi za shi Sakkwato sai na cika mashi jarkoki da ruwa. Yakan ce in ya kai Wurno sai ya tsaya ya shayar da amarya tai."

"An hwaɗa ma Alhaji?"

Lukman ya yi tsaki. "Haba Baba Mode. Wa ka tona ma kayanshi asiri? Ta ce ba ta sani ba, magana ta ƙare."

"Mi kac ce? Magana yanzu taf fara." Mode ya juya ga ƙofa. "Ɗauke ƙwaryag ga bisa waya. In ya kira, ki gaishe shi, ki ce magana tana hannun manya. Kada ki rama zagi, kada kuma tsoro shi sa ki yi alkawalin gona. In sammaci yaz zo, mu tahi tare, alƙali ba kura na ba. Amma ƙarya, ba ni cikinta."

Kai ne ka je Rabah da kuɗin aljihunka, Mode, ba wanda ya aike ka. Waɗanda suke wurin sun ce warin ruɓaɓɓiyar albasa ne ya fara tarye ka kafin mutane. Ka iske Alhaji a bakin gareji, idonsa jajir, don albasar ma ba tasa ba ce duka, amanar manoma ce. Ka ce masa jaje ka zo.

"Jaje? Dattijo, kotu za ta yi mani jaje."

"To. Amma cinikin da ba a zagi mota ba, bai ƙare ba. Bari in ƙarasa shi, sannan ka tahi inda kaka so."

Aka kira mai unguwa, aka kira direban Alhaji, aka taso Lukman daga Rimawa. Mode ya tsaya a gaban matacciyar mota. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Ya dafa lagireto ya ce, "Ke mai ƙishirwa ta. Mai gidanki na da ya sani, iyalinshi sun ga jarkoki, ba a hwaɗa ba."

Alhaji ya zabura. "Kun ji! Jama'a ku shaida!"

Lukman ya sunkuyar da kai. Mode bai tsaya ba. Ya zagaya baya, ya durƙusa da kyar, ya shafa sifirin da ya miƙe. "Kuma an zalunce ki. An aza maki kayan babbar mota." Ya tambayi direba daga ina ta fara tururi. Direba ya ce tun daga Boyekai, amma Alhaji ya ce a ci gaba, kada a rasa kasuwa.

"Alhaji," in ji Mode, "ko jaki yat tsaya, ana duba ƙahwarshi kahin a kai ga bulala."

Can Alhaji ya ce, "Wallahi da kunka ce ba ku sani ba, sai na ga bayan gonan nan." Kafin la'asar an daidaita a gaban mai unguwa: albasar Larai ta bana za ta tafi gyaran inji, gona ta zauna, maganar kotu ta mutu.

Kada mai karatu ya ɗauka an yi guɗa. Larai tana tsaye a bakin gona aka kwashe wahalar shekararta. Lukman ya bi tasha yana cewa Mode ya sayar da mutanen garinsu. Alhaji bai manta da zancen jaki ba, ya daina amsa masa sallama. Mode bai samu la'adar ko goro ba. Yanzu kuma a waya ake cinikin mota, hoto mai sheƙi, ba zagi, ba shaida. Yanar ido ta soma rufe wa Mode gani. Kwanan baya ya dafa baron mai rake ya fara zagi, sai da aka kama hannunsa. Ya ce daga sallar nan ya daina fitowa.

Kai ne bakin da ya yi ɗaci don kada gidan wani ya rushe. Na ga 'yar jakar albasar da Larai ta aiko maka, ƙananan nan da 'yan kasuwa suka tsame suka bari. Ka laluba su ɗaya bayan ɗaya ka ce, "Waɗanga ba su da aibi." Ban taɓa jin ka faɗi haka ga wani abu ba.

Mun gode, Mode. Allah ya saka, ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa wa marayun Junaidu. Ku kuma masu abin sayarwa, ko keke ne, ku tara shaidu ku zage shi da bakinku kafin hanya ta zage shi. Gara farashi ya karye a ƙofar gida da mace ta kifa wa waya ƙwarya.

Tayar tana nan a gindin dogon yaro. Bayan salla ba mai zama a kanta.