Tiyar Gero a Kan Kunama

Mahaifina Nomau maƙeri ne a Guna, manomi da damina, maharbi da rani. Ƙirar fartanya da lauje ce ke ciyar da mu, amma abin da ya kai sunansa har Takieta shi ne gyaran kunamar bindiga, ɗan ƙarfen nan da yatsa ke ja harsashi ya fita. Taurin kai gare shi, kuma na gaje shi, don haka ba zaginsa nake ba.

Yana da doka guda. Kafin bindiga ta bar maƙerarsa sai ya tabbatar babu harsashi, ya tsayar da ita, ya rataya wa kunamar jakar gero tiya ɗaya, cike har tsororuwa. In ta ɗauki nauyin ba ta faɗa ba, ta yi. In ta ce ƙas, ba ta fita, ko ta wane ce. Maharbanmu cikin sabara da ƙaya suke kutsawa. Yakan ce, "Kunamar da reshe zai iya ja, ba taka ba ce, ta reshe ce."

Haka ya sayi tasa bindigar a Damagaram, tsohuwa mai sakata, mai araha, da takardunta. Wasu na duba ƙota da sheƙi, shi kuwa da geronsa ya tafi. Mai sayarwa ya yi ta dariya, Baba ko a jikinsa. Ni Ramlatu, da nake awon hatsi a kasuwa, ni ke auna masa tiyar.

Bara ciwo ya taɓa masa hannun dama. Ya warke, amma manuniyarsa ta rasa ƙarfi. Sai ya ja kunamar har bakin bindiga ya karkace, ba ta faɗa ba. Ga farautar bayan girbi ta matso, wadda shekara talatin bai taɓa fashinta ba.

Amininsa Tahiru, wanda Baba ya taɓa hana wa sassaucin kunama sau biyu, ya zo dubiya.

"Nomau, sassauta mata kaɗan mana. Kai ne maƙerin, wa zai sani?"

Washegari da hantsi na sami Baba a maƙera ya kwance kunamar, ya sassauta, ya mayar. Ya ja da yatsar nan, ta faɗa sumul. Rabon da in ga haƙoransa haka tun kafin ciwon.

Ya ce, "Ramlatu, auno tiya."

Tausayinsa ya kama ni. Ni da ban taɓa tauye wa baƙo awo ba, ranar na sa tafin hannu na share tsororuwar, na ƙara kwashe kaɗan. Ya rataya jakar. Shiru, kunama ta riƙe.

Na ce, "To, Baba, ta yi!"

Ya sauke jakar, ya jinjina ta da hannun hagu, ya dube ni. Ban iya haɗa ido da shi ba. Ya tura hannu cikin buhu ya ɗebo gero, ya zuba, ya sake ɗebowa, ya mayar da jakar. Ƙas!

"Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka. Amma reshe ba ya tausayi."

A gabana ya ɗaure kunamar yadda take da. Na auno tiya ta gaskiya ina hawaye, ta ɗauka daram. Ya sa yatsa ya ja, ya sake ja, ba ta motsa ba. Ya goge bindigar da mai, ya naɗe ta a tsumma, ya aika wa Tahiru.

Ranar farauta ya riga kowa fita, da gorar ruwa da sanda, ya shiga sahun masu koro nama daga cikin sabara. Tahiru na bayansu da bindigar Baba a kafaɗa, ƙaya na jan rigarsa ta ko'ina. Baba bai waiwaya ba ko sau ɗaya, ya san reshe ba zai ja kunamar nan ba.